Ilimin labarin ƙasa a jami'a: abin da rufe iyakoki ya tuna wa Hausawan ƙetare

Gadar da ta haɗa Gaya da Malanville a kan kogin Kwara ta daina ɗaukar manyan motoci tun ƙarshen watan Yulin 2023, lokacin da CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan. Ƙungiyar ta ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, amma hukumomin Yamai suka bar nasu a rufe bisa dalilan tsaro. Fasinjoji da ƙananan ƴan kasuwa suka koma tsallaka ruwa da kwalekwale. Manyan kaya kuwa suka bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, a cikin ayari da rakiyar sojoji. Hanyar ta fi tsawo, ta fi haɗari, kuma kuɗinta yana ƙarewa ne a kan farashin shinkafa da magani a kasuwannin Yamai da Maraɗi da Damagaram.

Duk wanda ya zauna ajin labarin ƙasa a jami'a zai gane wannan labari, domin shi ne babin farko na darasin ƙasashen da ba su da gaɓar teku. Amma a gidajen Hausawa da yawa, daga zangon Kumasi zuwa unguwannin Garwa da Njamaina, har yanzu ana ɗaukar fannin a matsayin karatun haddace sunayen koguna da manyan birane, wanda ɗalibi ke faɗawa ciki idan bai samu gurbin likitanci ko shari'a ba. Abubuwan da suka faru a yankin cikin ƴan shekarun nan sun isa su sa iyaye da ɗalibai su sake duba wannan hukunci.

Me ake karantawa a zahiri?

Reshen siyasa na labarin ƙasa yana nazarin yadda mulki ke zama a kan ƙasa: wa ya shata iyaka, da wace hujja, wa ke karɓar haraji a kanta, wa doka ta ɗauka ɗan ƙasa, wa ta ɗauka baƙo. Reshen tattalin arziki kuma yana tambayar dalilin da ya sa kasuwa ta kafu a nan ba can ba, nawa nisa ke ƙara wa farashi, da kuma hannun da riba ke tsayawa tsakanin gona da mai saye. Tare da waɗannan ana koyon zanen taswira, ƙididdiga, karanta hotunan tauraron ɗan'adam, da manhajojin kwamfuta masu ɗora bayanai a kan taswira, waɗanda ake kira SIG da Faransanci. Sai kuma fita fili, wato zama da direbobi da dillalai da manoma ana tambaya ana rubutawa.

A Nijar da Kamaru da Cadi da Benin ana bin tsarin LMD: shekara 3 na lisansi, 2 na masta, 3 na dokta. A Najeriya da Gana digirin farko shekara 4 ne. Akwai wani bambanci da ya fi wannan tasiri. A jami'o'in da ke koyarwa da Faransanci, sashen labarin ƙasa galibi yana ƙarƙashin tsangayar adabi da nazarin ɗan'adam, don haka yawancin masu shigarsa sun fito ne daga ɓangaren adabi a jarrabawar bakaloriya, da ƙarancin lissafi. Idan aka zo darasin ƙididdiga da aikin kwamfuta, nan da yawa ke jan ƙafa, alhali nan ne ɓangaren da masu ɗaukar aiki suka fi nema.

Guraben karatu sun ƙaru a kusa da inda Hausawa ke zaune. Jami'ar Yamai, wadda ta fara a 1971 kuma ta ɗauki sunan Abdou Moumouni a 1992, ta daɗe ita kaɗai ce ta gwamnati a Nijar. A 2010 aka kafa na Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas da Diffa da Doso da Tilaberi. A arewacin Kamaru, jami'ar Ngaundere ta tsaya da ƙafarta a 1993, ta Marwa ta biyo baya a 2008, ta Garwa a 2022. Yaron da a da sai ya je Yawunde ko Yamai kafin ya ga ajin jami'a, yanzu yana iya karatu a garin da ya san kasuwarsa da yarensa.

Bututun mai da layin dogo

Bututun man Nijar misali ne da malamai za su daɗe suna amfani da shi. Ya taso daga Agadem a gabashin ƙasar, ya yi tafiyar kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, kamfanin CNPC na Sin ne ya gina shi, kuma an tsara shi ya ɗauki ganga 90,000 a rana. Kafin a zaɓi hanyar Benin an yi maganar haɗa shi da bututun Cadi da Kamaru, mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kribi, wanda ke aiki tun 2003. Aka zaɓi Benin saboda ana ganin ta fi kwanciyar hankali. A watan Mayun 2024, ana shirin loda jirgin ruwa na farko, Kwatano ta hana lodi har sai Yamai ta buɗe iyaka. Sin ta shiga tsakani, jirgi ya tashi, sai kuma a watan Yuni aka kama wasu ƴan Nijar a tashar Seme, Yamai ta rufe famfo, ƴan tawaye suka fasa wani sashe na bututun. Sai a watan Agusta fitar da mai ta dawo.

Darasin a fili yake: ƙasar da ba ta da teku tana da arzikinta a hannu, amma ƙofar fitarsa tana hannun maƙwabci, shi ma maƙwabcin yana asarar kuɗin fito idan ƙofar ta rufe. Haka batun wutar lantarki. Nijar na samun kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya lokacin da Abuja ta katse layin a watan Agustan 2023.

Wannan ja-in-ja ya girmi ƙasashen kansu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa bin wannan hanya zuwa Legas domin ita ce mafi sauƙi. Faransawa ba su so arzikin yankinsu ya riƙa fita ta ƙasar Ingila ba. Sun mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, sannan a shekarun 1950 suka shirya jigilar da ta karkatar da gyaɗa zuwa Paraku da Kwatano. Layin dogon Kwatano ya tsaya a Paraku tun 1936, bai taɓa isowa Nijar ba. Wanda aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso daga 2014 bai yi jigilar kasuwanci ba. Wanda ake ginawa yanzu daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, mai tsawon kilomita 284, an aza tubalinsa a Fabrairun 2021. Idan ya kammala, zai mayar da kasuwancin tsakiyar Nijar kan tsohuwar hanyarsa ta kudu. Ɗalibin da ya san wannan tarihi zai karanta labaran yau da wani ido daban.

Iyaka a matsayin sana'a

Iyakar Nijar da Najeriya, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, ta samo asali daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1890 da 1898 da 1904 da 1906. An yi ta gyara ta ne domin Faransa na neman hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da tafkin Cadi. Layin ya raba dangi, amma kuma ya haifar da sana'a, saboda kowane gefe yana da nasa kuɗin, nasa harajin kwastan, da nasa tallafin. Saifa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, naira kuwa tana hawa da sauka. Wannan giɓi shi ne jarin ƴan canji da masu fito da masu sayar da fetur a kwalba daga Ƙonni zuwa Magarya, da kuma daga Garwa zuwa Kuseri.

Saboda haka shawarar da aka yanke a Abuja tana isa gidajen da ba su da ƙuri'a a Najeriya. Rufe iyakokin da gwamnatin Buhari ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya tsayar da harkar sake fitar da shinkafa daga Benin da Nijar. Janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya tayar da farashin fetur na bakin hanya a arewacin Kamaru da Benin da kudancin Nijar cikin kwanaki. Takunkumin 2023 ya tsare motocin albasar Galmi a hanya, farashi ya tashi a kasuwannin Akara, inda ƴan zango ke da babban hannu a wannan ciniki.

Masana sun daɗe da rubuta waɗannan abubuwa. Emmanuel Grégoire ya wallafa littafinsa kan alhazan Maraɗi a 1986. John Igué, masanin labarin ƙasa ɗan Benin, shi da Bio Soulé sun bayyana a 1992 yadda ƙasarsu ta mayar da kanta rumbun ajiyar kayan da za su shiga Najeriya. William Miles ya kwatanta ƙauyukan Hausawa biyu da iyaka ta raba a littafinsa na 1994. Olivier Walther ya bi diddigin hulɗar ƴan kasuwar Gaya da Malanville da Kamba. Ayyuka ne masu daraja, amma abin lura shi ne yawancin sunayen da aka fi ambata a wannan fage ba ƴaƴan waɗannan kasuwanni ba ne, kuma mutanen da aka yi rubutun a kansu ba su da shi a yaren da suke karantawa.

Inda taswira ke yanke hukunci

Ga Hausawan da ke zaune a matsayin tsiraru, batun ya wuce farashi. Lokacin da ruwan tafkin Cadi ya ja baya a shekarun 1970 da 1980, masunta da manoma, cikinsu har da Hausawa da yawa, suka bi ruwan suka kafa garuruwa irin su Darak, hukumomin Najeriya suka biyo su da makarantu da ƴan sanda. A ranar 10 ga Oktoban 2002 Kotun Duniya da ke Hague ta yanke cewa yankin na Kamaru ne, bisa takardun da Ingila da Faransa suka sa wa hannu tsakanin 1919 da 1931. A Disamban 2003 Najeriya ta janye daga kimanin ƙauyuka 30. Mutane suka wayi gari a wata ƙasa ba tare da sun gusa daga gidajensu ba. Haka aka yi a shari'ar Nijar da Benin a 2005, inda kotun ta bi layin mafi zurfin kogi ta ba Nijar tsibirai 16 cikin 25, har da Lete. A irin waɗannan shari'o'i, lauyoyi na tafiya ne da masana taswira da tsoffin takardun mulkin mallaka, kuma ƙasar da ta fi iya karanta su ita ke da rinjaye.

A Sudan, rikicin jihar Blue Nile na watan Yulin 2022, wanda ya sake ɓarkewa a Oktoba kuma ya ci rayukan ɗaruruwan mutane, ya taso ne daga neman da Hausawa suka yi na samun masarautar gargajiya tasu. A tsarin can, sarauta tana tafiya da ikon ƙasa, don haka aka ɗauki buƙatar a matsayin neman mallakar fili daga waɗanda wasu ke kira baƙi, duk da cewa garin Maiwurno ya haura shekara 100 da kafuwa. A Gana, dokar korar baƙi ta 1969 ta watsa iyalai da yawa na zango, wasunsu a can aka haifi iyayensu. Tambayar wane ne ɗan ƙasa da wane ne mai fili tana cikin tsakiyar abin da ake koyarwa a wannan fanni. Al'ummar da ba ta da ƴaƴan da za su iya kawo hujjar tarihin zamanta da taswira da alƙaluman ƙidaya, wasu ne za su yi magana a madadinta a gaban kwamitin filaye ko na shata mazaɓu.

Abin da ke tauye fannin

Matsala ta farko ita ce yare. Ɗalibin Maraɗi yana karanta marubutan Faransa, na Katsina yana karanta na Ingila da Amurka, tsakaninsu bai kai tafiyar kilomita 100 ba, kuma kasuwa ɗaya suke nazari. Kowannensu yana ganin rabin hoto. Akin Mabogunje, wanda ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya daga 1980 zuwa 1984 kuma ya karɓi lambar Vautrin Lud a 2017, ba kasafai sunansa ke fitowa a ajin Faransanci ba, kamar yadda ba kasafai ake jin sunan Igué a ajin Ingilishi ba. Iyakar da ɗalibai ke nazari ta ratsa ta cikin ɗakin karatunsu.

Ta biyu ita ce tsaro. Wuraren da suka fi buƙatar bincike, wato gaɓar tafkin Cadi, yankin iyakoki uku na Liptako, dajin da ke tsakanin Maraɗi da Zamfara, da iyakar Cadi da Darfur tun ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023, su ne waɗanda malami ba zai iya tura ɗalibi ba. Ko a inda ake da zaman lafiya, matashi mai ɗauke da na'urar GPS yana tambayar direbobi nawa suke biya a shinge yana iya kwana a hannun jami'an tsaro. Yves Lacoste ya sa wa littafinsa na 1976 suna mai cewa labarin ƙasa amfaninsa na farko shi ne yaƙi, kuma gwamnatoci sun san haka. Sakamakon shi ne bincike yana komawa kan hotunan tauraro da rumbunan bayanai da ake haɗawa a Turai da Amurka. Hoton sama yana nuna yawan motocin da ke tsaye a Dori, amma ba ya faɗin wanda ya ci bashi ya loda su.

Ta uku ita ce aiki, kuma a nan iyaye suna da gaskiyarsu. Mai lisansi kaɗai a wannan fanni galibi koyarwa ce ke jiransa, sau da yawa ta kwantaragi. Ƙungiyoyin agaji da suka riƙa ɗaukar masu iya taswira sun rage ma'aikata bayan da Amurka ta yanke tallafinta a 2025. Wanda ya ce wa ɗalibi digirin kaɗai zai ba shi ofis ya yaudare shi.

Inda dama take

Duk da haka ƙofofi suna nan ga wanda ya haɗa digiri da ƙwarewar hannu. Hukumomin ƙidaya da na taswira, kwamitocin filaye da dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta tanada, ma'aikatun magajin gari, kamfanonin sufuri da na waya, duk suna buƙatar wanda zai iya ɗora bayani a kan taswira ya kuma fassara shi. Akwai cibiyoyin yanki a kusa: AGRHYMET da Hukumar Kogin Kwara a Yamai, Hukumar Tafkin Cadi a Njamaina tun 1964, hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da aka kafa a 1971, cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, da AFRIGIST a Ile-Ife wadda ke horarwa da Faransanci da Ingilishi. Manhajar QGIS kyauta ce, haka taswirar OpenStreetMap, ana iya fara koyonsu da tsohuwar kwamfuta.

Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO, wadda ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025, ta buɗe tattaunawar da za ta ɗauki shekaru kan fasfo da haraji da hanyoyin jigila da zaman baƙi. Kowane ɓangare zai buƙaci mutanen da suka san abin da ke ratsa iyaka a zahiri, wanda sau da yawa ya sha bamban da abin da ke cikin rajistar kwastan. A nan ɗan zango ko ɗan kan iyaka yana da abin da babu jami'ar da ke koyarwa. Yana jin Hausa, yaren da ake ciniki da shi daga Agadas zuwa Kumasi da Njamaina, yana da Faransanci ko Ingilishi ko Larabci na makaranta, kuma dillalin da zai rufe baki ga baƙo zai yi magana da shi domin ya san mahaifinsa. Wannan amana tana da nauyi: mai bincike dole ya kare sunayen waɗanda suka yi masa bayani, domin abin da ya rubuta yana iya zama hujjar kama su.

Gyaran da ake buƙata daga jami'o'i ba mai tsada ba ne. Sassan labarin ƙasa na Maraɗi da Katsina, ko na Marwa da Maiduguri da Njamaina, suna iya haɗa ɗalibansu kan bincike guda, kowane rukuni ya ɗauki nasa gefen iyakar, su haɗu su kwatanta. Ana iya wajabta darasin yaren maƙwabta da na ƙididdiga tun shekarar farko. Ana iya neman kowane ɗalibin masta ya rubuta taƙaitaccen sakamakon bincikensa da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, a karanta a gidajen rediyon al'umma, domin waɗanda aka yi wa tambayoyi su ji abin da aka gano. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na masu motoci, waɗanda suka fi kowa asara idan aka rufe hanya, suna iya ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu a shekara su yi musu lissafin abin da kowace hanya ke ci, su riƙe shi a hannu idan za su zauna da hukuma.

Ga ɗalibin da ke cike takardar zaɓin fanni a bana, shawarar a taƙaice ita ce: idan zai shiga labarin ƙasa, ya shiga da niyyar kaiwa masta, ya riƙe lissafi da kwamfuta da muhimmanci tun daga farko, ya koyi yaren ƙasar da ke tsallaken iyakarsa, kuma ya zaɓi batun bincike daga abin da ya sani, ko kasuwar shanu ce, ko hanyar albasa, ko rikicin filin unguwarsu.